Babi na Shida: Tsohuwar Naira a Bakin Iyaka

"To idan an daina karɓar su a nan, ba sai in kai su Maraɗi in mayar da su sefa ba?"

Duk wanda ya zauna a unguwar Kamazou ta Kaduna a watannin Janairu da Fabrairun 2023 ya ji wannan tambaya ko wata mai kama da ita. Masu yin ta galibi ba manyan 'yan kasuwa ba ne. Masu gadin gidajen da ake ginawa ne daga bakin titin Yakowa zuwa wajen Janruwa, da 'yan ga-ruwa, da masu haƙar rijiya, da masu shayi, waɗanda da yawansu 'yan ci-rani ne daga ƙasar Maraɗi da Damagaram da Tawa. Mutum ya yi wata biyar yana tara 'yan ɗari biyar-biyar da dubu-dubu a leda, ya cusa a ƙasan buhun kayansa, yana jiran ruwan shuka ya koma gida. Ba shi da asusun banki, ba shi da lambar BVN, wani ma ba shi da takardar shaidar da banki zai buɗe masa asusu da ita. Kwatsam sai ya ji a rediyo an ce an fito da sababbin takardu, tsofaffin nan kuma an yanka musu wa'adi.

Akwai ƙanwar wannan tambaya, wadda ba ta da gaggawa amma ba ta mutuwa. Tsohuwa ta rasu, an buɗe adakarta, an tarar da takardun fam da sulalla ɗaure a tsumma. Sai wani cikin jikoki ya ce, yanzu waɗannan nawa ne a kuɗin yau? In a sefa ne fa?

Amsar tambayoyin biyu ɗaya ce. Amma sai mun bi ta sannu a hankali.

Me ke hannunka?

Ɗauko takardar naira 1,000 ka duba. Ga hoton Aliyu Mai-Bornu da Clement Isong, tsofaffin gwamnonin Babban Bankin Najeriya, ga sa hannun gwamnan da ya fitar da ita. Takardar kanta ba ta ƙosar da kowa. Abin da ya sa mai tumatir a kasuwar Sabon Tasha take karɓa shi ne ta tabbata mai shinkafa zai karɓa daga hannunta, shi kuma ya tabbata banki zai karɓa, bankin kuma ya san Babban Banki ba zai mayar masa ba. Can ƙarshen layin nan ƙimar take zaune.

Wanda ya taɓa ajiye babur a bakin kasuwa ya san wannan. Mai gadin babura zai ba ka ɗan katako ko kati mai lamba. Muddin yana wurin, katin nan babur ne sukutum. Amma a wurinsa kaɗai. Kai shi wata kasuwar, ba wanda zai ba ka ko taya. In kuwa mai gadin ya ce ƙarfe shida yake tashi, to duk wanda ka roƙa ya karɓi katin daga hannunka, agogo zai fara dubawa.

Bankin da yake fitar da sefar Nijar, wato BCEAO, hedkwatarsa tana Dakar, yana da rassa a Yamai da Maraɗi da Damagaram. Bai taɓa buga naira ba, bai kuma yi wa kowa alkawari a kanta ba. Ko lokacin da naira take da ranta ba shi yake canja ta ba, 'yan canji ne. Su kuwa suna karɓa ne don sun san gobe wani Alhaji zai zo neman naira zai tafi Kantin Kwari ko Dawanau sayayya.

Taki biyu ne

Daga nan za a gane cewa kuɗin da aka soke ba su da farashi da sefa kai tsaye. Dole su yi taki biyu. Na farko, tsohon kuɗi ya koma gidan da ya fito a mayar da shi sabo. Na biyu, sabon ya je kasuwar canji a mayar da shi kuɗin maƙwabta. Taki na biyu kullum a buɗe yake, farashi ne kawai ke hawa da sauka. Na farkon ne yake da ƙofa, kuma mabuɗin yana hannun hukuma.

Turai ta ba mu misali mai kyau a kan wannan, domin lissafinta ba ya motsi. Tun 1999 aka ɗaure sefa da yuro: yuro ɗaya sefa 655.957. Tsohon kuɗin Faransa kuwa, faran ɗaya sefa 100 ne daidai tun bayan karya darajar sefa a Janairun 1994. To a ce wani dattijo a Damagaram ya taɓa aiki a Faransa, ya dawo da takardar faran 100 ya ajiye. A kan takarda, sefa 10,000 ke hannunsa. A zahiri ba shi da ko dala, domin babban bankin Faransa ya rufe karɓar tsofaffin takardun faran ranar 17 ga Fabrairun 2012. Maƙwabcinsa da ya ajiye mak 100 na Jamus ya fi shi sa'a. Babban bankin Jamus bai sa wa'adi ba, har yau yana canja mak a kan 1.95583 kowane yuro. Mak 100 ke nan yuro 51 da 'yan kai, wato wajen sefa 33,500, in har an samu mai kai takardar Jamus.

Kuɗi biyu ne da aka yi wa ritaya a shekara guda, a maƙwabtan ƙasashe, zuwa yuro iri ɗaya. Ɗaya ya mutu murus, ɗaya yana numfashi. Bambancin kawai, wani banki ya rufe ƙofa, wani ya bari a buɗe.

A teburin ɗan canji

Mu bi ɗaya daga cikin masu gadin gidajen nan na Kamazou. Ya hau mota zuwa Kawo, daga nan Zariya, Funtuwa, Katsina, Jibiya. A bakin iyaka, kafin a shiga Ɗan Isa, ga 'yan canji zaune a inuwa. Kowa da ɗan teburinsa na katako, an jera damman kuɗi ɗaure da kyauro, an danne da dutse ko kwado saboda iska, ga na'urar lissafi da lambobinta suka koɗe, ga waya biyu ko uku. Ya yi sallama, ya tsuguna, ya kwance ledarsa.

"Alhaji, nawa ne jaka yau?"

"Tsoho ne ko sabo, Malam?"

"Tsoho ne, Alhaji. Amma ai da saura, an ce sai goma ga wata."

"Ni ma na ji. To wa zai kai mini su Katsina kafin goma ga watan?"

Duk cinikin yana cikin wannan tambaya ta ƙarshe. Ɗan canjin ba naira yake saye ba a ranar, wahalar mayar da ita banki yake saye. Yana lissafin kwanakin da suka rage. Yana lissafin kuɗin motar yaron da zai aika, da shingayen hanya, da jami'an kwastan, tunda doka ta taƙaita tsabar nairar da ake ƙetare iyaka da ita. Yana tunanin layin banki, ko za a karɓa ko za a ce a dawo gobe. Yana kuma tunanin in wa'adi ya cika kuɗin suna hannunsa, asarar tasa ce shi kaɗai. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da farashi, kuma mai ledar ne zai biya.

Mu ƙaddara wasu lambobi don lissafi ya fito fili. A ce mai gadin yana da naira 150,000, a ce kuma ana sayar da sefa 1,000 a kan naira 1,250. Da sababbin kuɗi ne, zai tashi da sefa 120,000. In ɗan canji ya ce zai zaftare kashi ɗaya cikin biyar saboda tsofaffi ne, kuɗin sun koma naira 120,000, sefa 96,000 ke nan. Sefa 24,000 ta tafi tun bai taka ƙasarsu ba. Kwana uku kafin wa'adi zaftarewar za ta fi haka. Washegarin wa'adi, mai yiwuwa ko kallon ledar ba za a yi ba.

Ba na ganin laifin ɗan canji a nan, in dai bai wuce gona da iri ba. Shi ma jarinsa yake karewa. Abin da ke ci mini rai shi ne asarar tana bin nisa: wanda yake zaune kusa da reshen Babban Banki na titin Yakubu Gowon a Kaduna, yana da asusu, yana da wanda ya sani a ciki, bai rasa ko kwabo ba. Wanda ya fi kowa shan rana kafin ya tara nasa, shi ne ya fi kowa nisa da ƙofar.

Abu ɗaya da baƙo zai kiyaye a irin wannan teburi: ƙirgar tsallake daban take. A Nijar da dala ake ciniki, dala ɗaya sefa 5, don haka "dala ashirin" sefa 100 ce, jaka kuma sefa 1,000. A bakin dattawan Najeriya kuwa jaka naira 200 ce, wato fam 100 na da. A sa ɗan canji ya buga lambar a na'ura ka gani da idonka kafin ka miƙa komai.

Shekarar da aka rufe ƙofa da gangan

Wani zai ce ai mantuwa ce, hukuma ba ta tuna da masu riƙe da naira a waje ba. Tarihi ya nuna sau da yawa ba mantuwa ba ce, manufar ke nan.

A Janairun 1968, ana tsakiyar yaƙin basasa, gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta sauya takardun fam cikin ɗan gajeren wa'adi, Cif Obafemi Awolowo yana kwamishinan kuɗi. Nufin a bayyane yake: kuɗin Najeriya da ke hannun ɓangaren Biyafara su zama ba su sayen makami a ko'ina. Biyafara ta buga nata fam ɗin, wanda shi ma ya mutu da ƙarewar yaƙin a 1970. Dattawan Ibo da ke zaune a kudancin Kaduna har gobe suna ba da labarin fam 20 da aka ba mutum, komai yawan abin da ya kai banki na kuɗin Biyafara.

Amma wanda ya fi shafar ƙasar Hausa shi ne na 1984. Ranar 23 ga Afrilu gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta sanar, ta bakin Tunde Idiagbon, cewa za a sauya launin takardun naira. Aka fara canji ranar 25 ga Afrilu, aka rufe ranar 6 ga Mayu. Kwana 12. Mutum ɗaya naira 5,000 kawai za a canja masa hannu da hannu, abin da ya haura sai ya zuba a banki ya yi bayanin inda ya samo. Aka kuma rufe iyakokin ƙasa ruf, don kada nairar da ke waje ta dawo. Gwamnati ta ce tana farautar waɗanda suka kwashe dukiyar ƙasa suka ɓoye a ƙetare, da masu fasa-ƙwaurin kuɗi.

Akwai irin waɗannan mutane, babu musu. Sai dai tarkon bai tantance ba. A lokacin naira ce kuɗin ciniki a kasuwannin kan iyaka tun daga Birnin Ƙonni har Diffa. Makiyayin da ya sayar da shanu a Jibiya ko Illela ko Maigatari, da naira aka biya shi. Manomin da ya kai wake, haka. Alhazan Maraɗi, waɗanda arzikinsu ya ginu a kan ciniki da Kano da Katsina, suna da naira jibge. Manyan cikinsu suna da abokan hulɗa a wannan ɓangaren da hanyoyin daji da suka sani, wasu sun samu sun tsallakar da wani abu. Ƙananan ne ruwa ya ƙare wa.

Ga shi kuma daminar 1984 ba ta yi kyau ba. Fari ya faɗa wa Nijar a zamanin Janar Seyni Kountché, hatsin da aka saba shigowa da shi daga Najeriya ya tsaya saboda iyaka a rufe take, kuɗin da za a saya da su sun zama takarda. Mutanen yankin sukan raɗa wa kowace yunwa suna, wannan sai suka kira ta El-Buhari. Ba a sake buɗe iyakar ba sai a Maris ɗin 1986, bayan Janar Ibrahim Babangida ya karɓi mulki.

Wanda ya san wannan ba zai yi mamakin yadda 'yan canjin Nijar suka yi saurin juya wa tsohuwar naira baya a 2023 ba. Iyayensu sun gaya musu.

Inda aka shirya abin

A wannan shekarar ta 1984, ƙasa da wata guda bayan Najeriya ta gama nata, wata ƙasa ta yi ainihin abin da tambayarmu take nema: ta soke kuɗinta ɗungurungum ta koma na maƙwabta.

Mali ce. A 1962 Shugaba Modibo Keita ya fitar da ƙasar daga sefa ya buga faran na Mali, don a cewarsa 'yanci bai cika ba in wani ne yake buga maka kuɗi. 'Yan kasuwar Bamako suka yi zanga-zanga a watan Yulin shekarar, domin sun san sabon kuɗin ba zai karɓu a Abijan ko Dakar ba, aka kama wasu manyan 'yan siyasa irin su Fily Dabo Sissoko. Kuɗin bai yi ƙarko ba, a 1967 aka karya darajarsa da rabi. Ranar 1 ga Yunin 1984, a mulkin Janar Moussa Traoré, Mali ta dawo cikin sefa. Aka tsayar da farashi: faran biyu na Mali, sefa ɗaya. Aka ba da watanni ana canji, kuɗin biyu suna yawo tare.

A nan taki biyun nan ya zama ɗaya, domin bankin da yake fitar da sefa da kansa ya yarda ya karɓi tsohon kuɗin. Haka aka yi wa Gini Bisau a Mayun 1997, peso 65 sefa ɗaya. Haka Jamus ta Gabas a Yulin 1990, inda aka canja wa talaka ajiyarsa ɗaya bisa ɗaya har zuwa wani adadi, abin da ya haura kuma biyu bisa ɗaya. Duk waɗannan ba kasuwa ce ta yanke farashin ba. Gwamnatoci ne suka zauna suka sa hannu.

Ko a hakan talaka bai tsira gaba ɗaya ba. Mutanen Mali sun daɗe suna kukan cewa albashi an raba shi biyu daidai yadda doka ta ce, amma a kasuwa masu kaya da yawa sun bar lambar farashi yadda take, sunan kuɗin kawai suka sauya. Sai dai ba wanda ya wayi gari da buhun takarda.

Abin da Kaduna ta yi a 2023

Mu dawo gida. Ranar 26 ga Oktoban 2022 gwamnan Babban Banki Godwin Emefiele ya sanar da sauya fasalin naira 200 da 500 da 1,000. Hujjarsa, daga cikin naira tiriliyan 3.23 da ke yawo, tiriliyan 2.73 suna wajen bankuna. Sababbin suka fito ranar 15 ga Disamba, aka ce tsofaffin za su daina aiki ranar 31 ga Janairun 2023, daga baya aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. An fito da shirin musanya a karkara ta hannun wakilai, naira 10,000 kowane mutum, amma wannan ina zai kai wanda ya tara na wata biyar?

Mun ga abin da ya biyo baya da idonmu. Mutane sun kai tsofaffin banki, sababbin ba su fito ba. A mahaɗar Kamazou masu POS suka koma sarakuna, ana bin su da roƙo, ana sayen naira da naira. Malamai suka yi ta jan kunne cewa musayar kuɗi iri ɗaya da ƙari riba ce, dokar Babban Banki ta 2007 ma ta haramta sayar da takardun naira, amma mai mara lafiya a asibiti ba ya jiran a gama muhawara. Mata masu sayar da doya da ganye suna komawa gida da kayansu saboda ba tsabar kuɗi a hannun kowa.

Gwamnatocin Kaduna da Kogi da Zamfara suka kai gwamnatin tarayya Kotun Ƙoli. Ranar 8 ga Fabrairu kotun ta dakatar da wa'adin. Ranar 16 ga wata Shugaba Buhari ya ce tsohuwar 200 kaɗai za ta ci gaba har 10 ga Afrilu, a ranar kuma Gwamna Nasir El-Rufa'i ya yi wa jama'ar Kaduna jawabi cewa duk tsofaffin kuɗin suna nan daram a jihar har kotu ta yanke hukunci. Ranar 3 ga Maris kotun ta ce a ci gaba da karɓar su har 31 ga Disamban 2023. Ranar 29 ga Nuwamba kuma ta cire wa'adin, ta ce tsoho da sabo su yi ta yawo tare har sai gwamnati ta yi shawara da waɗanda abin ya shafa ta fito da tsari.

Duba abin da wannan yake nufi ga mai ledarmu. Wanda ya sayar da tsofaffin kuɗinsa da asara a farkon Fabrairu, bayan 'yan makonni ya ga takardun nan sun dawo da cikakkiyar darajarsu a hannun wanda ya saya. Ba wanda zai mayar masa da sefa 24,000 ɗinsa. Kuma tun farko akwai abin da ba a gaya masa ba. Sashe na 20 na dokar Babban Banki ya tanadi cewa ko bayan takarda ta daina zama kuɗin ciniki, bankin zai fanshe ta in an kawo masa. Wato "an daina karɓa a kasuwa" daban, "ta mutu" daban. Tsakanin waɗannan biyu ne masu ido suke cin kasuwa, marasa labari suke asara. Da an bayyana wannan da Hausa a gidajen rediyon da ake saurare a Maraɗi da Ƙonni, da an kafa tebura a Jibiya da Illela da Kongolam da Maigatari ana karɓa daga hannun duk wanda ya zo, da an rage hawaye masu yawa. Ƙasar da ta ji daɗin kuɗinta suna ciniki a kasuwannin maƙwabta, bai kamata ranar sauyi ta yi kamar ba ta san suna can ba.

Sefar ma tana tsufa

Kada mai karatu ya ɗauka in ya samu ya tsallaka zuwa sefa ya huta. Bayan fashin da aka yi a rassan BCEAO a Kwaddibuwa, a Abijan a 2002 da Bouaké a 2003, bankin ya janye takardun sefa samfurin 1992 a watannin ƙarshe na 2004. A wannan karon 'yan kasuwar Kano da Sakkwato masu ajiyar sefa ne suka kama hanyar Maraɗi da Ƙonni a guje. Tun Agustan 1993 ma bankin ya daina fansar takardunsa da aka fitar wajen ƙasashen sefa ta hanyar bankuna, don haka sefar da ke kasuwar Wapa a Fagge da ƙafa take komawa gida.

Sannan sefa iri biyu ce. Ta yamma, ta ƙasashe takwas ciki har da Nijar da Benin, da ta tsakiya, ta ƙasashe shida ciki har da Kamaru da Chadi, wadda bankin BEAC da ke Yawunde yake fitarwa. Darajarsu da yuro ɗaya ce, amma mai shago a Maraɗi ba zai karɓi ta Garwa ba.

Fam ɗin cikin adaka

Saura tambayar jikokin tsohuwa. Lissafin ba wuya. Ranar 1 ga Janairun 1973 Najeriya ta bar fam da sule ta koma naira da kwabo: fam ɗaya naira 2, sule ɗaya kwabo 10, sisi kwabo 5. In an tarar da fam 50, naira 100 ke nan.

A nan ne jiki yake yin sanyi. A 1981 mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan naira 125 ne a wata, a 2024 an mayar da shi 70,000. Abin da tsohuwa ta ɗaure a tsumma ya kusa albashin wata guda na ma'aikaci, yau ba ya sayen burodi. Ta fuskar sefa ma haka: a wajajen 1980 naira ɗaya a farashin hukuma tana sayen sefa sama da 300, a 2024 kuwa sai ka ba da sama da naira 2,000 kafin a ba ka sefa 1,000. Farashin da doka ta tsayar ranar sauyi ba ya girma da shekaru. Ko da a ce an buɗe wa jikokin taga ta musamman, naira 100 za a miƙo musu, wadda ba ta kai sefa 50 ba.

Abin da ya rage wa irin waɗannan takardu shi ne darajar tarihi. Akwai masu tara tsofaffin kuɗi, suna sayen takardar da ba ta yage ba, ba ta sha ninki ba, musamman na zamanin hukumar kuɗin Afirka ta Yamma da Turawa suka kafa a 1912, wadda kuɗinta suka yi aiki a nan kafin Najeriya ta fitar da nata a 1959. Farashin ba na tashin hankali ba ne. Duk wanda ya zo maka da labarin wani Bature yana sayen anini mai huji da miliyoyi, amma sai ka fara biyan kuɗin gwaji ko na rajista, ɗan damfara ne, ka sallame shi. In da ni ne, zan sa fam ɗin a leda mai kyau in ajiye wa yara, su ga irin kuɗin da aka biya sadakin kakarsu da shi.

Akwai abin da muka wuce da sauri a teburin Jibiya. Da mai gadin ya tambayi farashin jaka, Alhaji bai buɗe littafi ba, bai kira banki ba, waya kawai ya duba. Wa ya gaya masa farashin ranar? Ta yaya lamba ɗaya take tashi daga Wapa da safe, kafin azahar ta isa Maraɗi da Kwatano da Kamazou? Kuma ta yaya ɗan ci-rani yake miƙa naira a Kaduna, iyalinsa su karɓi sefa a ƙauyensu kafin la'asar, ba tare da takarda ko ɗaya ta ƙetare iyaka ba? Babi na gaba zai shiga cikin kasuwar 'yan canji ya bi wannan hanya.